Zaɓin Hanyar Kashe Zafi da Sa Barci ga Masu Tiyata a Yankin Nguru da Gashuwa

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyin da ake bi wajen kashe zafi ko sa majinyaci barci kafin a yi masa tiyata, ta auna su da halin da asibitocin arewacin Jihar Yobe suke ciki. Ra'ayin da ta tsaya a kai shi ne, hanyar da ta dace da majinyaci ita ce wadda ma'aikatan da ke wurin za su iya ceto shi daga gare ta idan al'amari ya juya, da kayan da ke hannunsu a wannan sa'ar. Bisa wannan ma'auni ta fifita allurar kashe wuri da allurar baya a duk inda aikin ya ba da dama, ta ba ketamin matsayin da ya cancanta, ta kuma ja kunne game da abin da ake kira ɗan barci kaɗan. Ta daɗe a kan ciwon ƙoda da ya yi katutu a ƙasar Bade, domin yana sauya lissafin kusan kowane magani da ake amfani da shi a ɗakin tiyata.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata ya san tambayar da dangi suke yi. Ba kasafai suke tambayar tsawon yankan ko irin zaren ɗinkin ba. Abin da uwa take faɗa shi ne, "Likita, don Allah kada a yi masa allurar da ba zai tashi ba." Miji kuma ya ce, "Kwantar da ita za a yi gaba ɗaya, ko ta baya za a yi mata?" Mutanenmu sun fi tsoron barcin a kan wuƙar, kuma ba su yi kuskure ƙwarai ba.

Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da babban asibitin Gashuwa su ne matattarar masu neman tiyata daga Machina, Karasuwa, Yusufari, Jakusko da Bade, har da ƙauyukan Jigawa na wajen Birniwa da Guri, da waɗanda ke tsallakowa daga Jamhuriyar Nijar. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin nan sai a tura shi Damaturu, ko Maiduguri, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kowanne tafiyar sa'o'i ne. Da damina kuwa, idan ruwa ya cika dausayin Haɗeja zuwa Nguru, akwai ƙauyukan da sai an fara da kwalekwale kafin a kai ga mota. Ma'anar wannan ga mai sa barci ita ce, majinyacinsa yakan iso a makare, jikinsa ya bushe, jininsa ya yi ƙasa, kuma babu wani asibitin da za a ruga da shi cikin minti goma.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Rahoton kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya, wanda ya fito a 2015, ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata da sa barci masu aminci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likitan sa barci 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta fitar a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai ko ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru a manyan birane. Saboda haka a yankinmu ma'aikatan jinya da suka yi horon sa barci su ne ke ɗauke da yawancin wannan kaya, kuma da su nake magana kafin kowa.

2.0 Waiwaye kaɗan

Kafin zuwan asibiti, wanzami yana kaciya, yana cire beli, yana ƙaho, mai ɗori yana jan karaya, duk ba tare da wani abin kashe zafi ba sai ƙarti masu riƙo da kuma kunyar a ce yaro ya yi raki. Turawa ma haka suke har zuwa 16 ga Oktoba, 1846, ranar da William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci iskar ether a birnin Boston na Amurka aka yi masa aiki a wuya bai yi kururuwa ba. A 1884 Carl Koller ya kashe zafin ido da ruwan koken, a 1898 kuma August Bier ya yi allurar baya ta farko a Jamus. Ketamin ɗan baya-bayan nan ne: an haɗa shi a 1962, aka amince da shi a Amurka a 1970. Waɗannan huɗu, wato shaƙa, kashe wuri, allurar baya da ketamin, har yau su ne ginshiƙan aikinmu, magungunan ne kawai suka sauya.

3.0 Ma'aunin zaɓi

Littattafan da muka karanta sun ce a duba abu uku: majinyaci, irin aikin, da ra'ayin mai fiɗa. Ni ina ƙara na huɗu, kuma a wurinmu shi nake sawa gaba: idan wannan hanya ta juya, me ke hannuna? Kowace hanya tana da irin haɗarinta da aka sani tun kafin a fara. Allurar baya tana faɗar da bugun jini. Cikakken barci yana ɗauke numfashi. Maganin kashe wuri idan ya yi yawa yana kawo jijjiga, yana iya tsayar da zuciya. Wanda zai yi allurar baya alhali babu efedirin ko adirinalin a kan tebur, ko zai shanye tsokar majinyaci alhali tukunyar oksijin ta kusa ƙarewa kuma babu tabbacin wuta, ya shiga kogi bai san zurfinsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin sa barci suka fitar tare a 2018 sun fayyace mafi ƙarancin abin da ake buƙata a kowane wuri: ma'aikacin da ya yi horo wanda ba zai bar majinyaci ba daga farko har ƙarshe, oksijin, na'urar zuƙe majina, jakar hura numfashi da marfin fuska, abin awon bugun jini, da na'urar yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Ban ga wanda za a iya yafewa a cikinsu ba, ko da aikin na minti biyar ne.

Game da na'urar yatsa akwai abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna takan nuna lamba sama da gaskiya a jikin baƙar fata, har ta ɓoye ƙarancin iska. Don haka idan ta nuna 92 kada a ce ai da sauƙi, a nemi dalili. Na biyu, baƙin lalle da matanmu ke sawa yana iya hana ta karatu. Sai a duba yatsan da ba shi da lalle, ko a maƙala ta a kunne idan irin ta kunne ce.

4.0 Allurar kashe wuri

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi arha da aminci. Ɗinkin rauni, kaciya, cire ƙari a ƙarƙashin fata, fasa ƙurji, gwaiwa, da ma kaba a jikin babba mai natsuwa, duk ana yin su da lidoken, majinyaci ya tashi ya sha kunu ya koma gida a ranar. Ga manomi ko masuncin da ya sayar da akuya ya zo, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin kiyayewa lissafi ne. Lidoken zalla kada ya wuce miligiram 3 zuwa 4 a kowane kilo na nauyin jiki, wanda aka haɗa da adirinalin kuma miligiram 7. Bufibaken miligiram 2. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa cewa kowace mililita ta lidoken mai kashi 2 cikin 100 tana ɗauke da miligiram 20, ta yadda sirinji guda na mililita 5 na lidoken zalla ya wuce ƙa'ida ga yaro mai kilo 15. A auna yaro a kan sikeli, kada a ƙiyasta da ido. A ja sirinji baya kafin a tura. Idan majinyaci ya ce leɓɓansa sun mutu ko kunnensa yana ƙara, a tsaya.

5.0 Allurar baya

Ga duk aikin da ke ƙasa da cibiya, ita ce zaɓina na farko: haihuwa ta tiyata, gyaran yoyon fitsari, kaba, basir, mafitsara, karayar ƙafa. Ana shigar da siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, a tura bufibaken mai nauyi, kimanin mililita 2 zuwa 2.5 ga mai ciki. Cikin 'yan mintuna rabin jiki ya mutu, majinyaci yana numfashi da kansa, yana magana, aikin kuma yana da kusan sa'a biyu a gabansa. Dubban matan da Dakta Kees Waaldijk ya yi wa gyaran yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da kuma Kano, da wannan allurar ya yi musu, a wuraren da ba su fi namu kayan aiki ba.

Hujjar fifita ta ga masu haihuwa tana da ƙarfi. Nazarin da Sobhy da abokan aikinta suka buga a 2016, wanda ya tattara rahotanni daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ya gano cewa sa barci ne sanadin kusan kashi 14 cikin 100 na mutuwar mata bayan haihuwa ta tiyata, kuma cikakken barci ya ninka haɗarin mutuwa kusan sau uku idan aka kwatanta da allurar baya. Dalilin a fili yake. Maƙogwaron mai ciki yakan kumbura, shigar da bututun numfashi ya yi wuya, iskar jininta tana ƙarewa da sauri, cikinta kuma ba ya rabuwa da abinci da ruwan tsami da za su iya kwararowa cikin huhu.

Amma allurar baya ba ta kowa ba ce, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Matar da aka kawo daga ƙauye mahaifa ta fashe ko mabiyiya ta ɓalle, jini ya zuba, jijiyoyinta a matse suke, da haka jikinta yake riƙe ɗan bugun da ya rage. Allurar baya tana sake waɗannan jijiyoyi a lokaci guda. Abin da zai biyo baya ba sai na faɗa ba. Haka wanda jininsa ba ya daskarewa, da wanda ƙwayar cuta ta gama jikinsa har bugun jini ya faɗi, da mai ƙurji a wurin da allura za ta shiga. Ga sauran kuwa, a kafa babbar allurar ƙarin ruwa kafin a fara, a karkata mai ciki zuwa hagu, a zuƙi efedirin a sirinji a ajiye kusa, a riƙa auna bugun jini kowane minti biyu a farkon aikin. Mace ta ce tana jin tashin zuciya bayan allurar baya, to bugun jini za a fara dubawa kafin a nemi maganin amai.

Wani haɗari da ya cancanci ambato: kwalbar maganin tsayar da zubar jini, wato tiranekzamik asid, tana kama da ta bufibaken. Tun bayan babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2017, wanda matan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa a cikinsa, maganin ya zama abokin aiki a ɗakin haihuwa, kuma ya cancanta. Sai dai an samu mace-mace a ƙasashe da dama sakamakon tura shi a baya bisa kuskure, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022. Maganin abin ba ya cin ko kwabo: kada a ajiye su a akwati ɗaya, kuma mutum biyu su karanta rubutun kwalba da murya kafin a zuƙa.

6.0 Ketamin

A wasu manyan asibitoci ana kallon ketamin kamar maganin talaka. Ni ina ganin shi ne jakin aikinmu, ba ya ƙyalli amma shi ke kai kaya gida. Miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo ta jijiya yana kwantar da mutum cikin minti guda na tsawon minti 10 zuwa 15. Ga yaron da aka rasa jijiyarsa ana yi a tsoka, miligiram 5 zuwa 10 a kilo. Galibi yana barin numfashi, yana riƙe bugun jini, ba ya buƙatar firji, ba ya buƙatar inji. Shi ya sa lokacin da ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar safararsa a 2015 saboda masu shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya da likitocin sa barci suka ƙi, aka jingine maganar. Da ta wuce, da asibitoci irin namu ne za su fara ji a jikinsu.

Ga mai zubar jini, ga wanda ya ƙone ana wanke masa ciwo, ga jan karaya, ga yaro, babu kamarsa. Aibinsa kuma sananne ne. Yana ƙara yawu, don haka ake haɗa shi da atirofin. Yana iya sa maƙogwaro ya shaƙe. Manya sukan farka da mugayen mafarkai da sambatu, abin da dangi kan fassara da taɓin iska idan ba a yi musu bayani tun da wuri ba. Yana ɗaga bugun jini, saboda haka bai dace da mai jijjigar ciki ko mai hawan jini mai tsanani ba. Babban ruɗin da ke tattare da shi kuwa shi ne zaton cewa yana kare huhu daga amai. Wanda cikinsa ke cike yana cikin haɗari da ketamin kamar yadda yake da kowane maganin barci.

7.0 Cikakken barci da bututun numfashi

Akwai ayyukan da ba su da wata hanya: hanji ya toshe, taifod ta huda hanji, aikin ƙirji, maƙoƙo, aikin da zai daɗe a saman ciki. Yaron da taifod ta huda hanjinsa yakan iso bayan kwanaki, idanu sun faɗa, fitsari ya ƙafe. Gaggawar da ta dace da shi ita ce ta ƙarin ruwa, da maganin kashe ƙwayar cuta, da bututun hanci don zuƙe abin da ke ciki, da robar fitsari don a ga ƙoda ta amsa. Sa'a biyu ko uku da aka kashe a wannan sun fi amfani a kan rugawa da shi tebur. Wajen kwantar da shi ketamin ya fi firofofol ko tayofenton aminci, domin waɗannan biyun suna kayar da bugun jinin wanda ya bushe.

Sharuɗɗan wannan hanya su ne suka fi nauyi: oksijin da ba zai yanke ba, na'urar duba maƙogwaro mai batir da rai, mataimaki, da shirin abin da za a yi idan bututu ya ƙi shiga. Injin da ya dogara da iskar tukunya kaɗai yakan tsaya idan ta ƙare. Akwai injuna da aka ƙera domin wurare irin namu, waɗanda ke jawo iskar ɗaki su ci gaba da aiki ko wuta ta ɗauke, kuma ya kamata masu sayen kaya su tambayi mai sa barci kafin su sa hannu a kwangila. Zafi ma yana da nasa rabon. A watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru yana haura digiri 40, alhali saksametoniyam da atirakuriyam da oksitosin duk firji suke so. Kwalbar da ta kwana uku a aljihun tebur ba lallai ta yi aikin da aka rubuta a jikinta ba.

Wanda aka hango tun farko cewa bakinsa ba ya buɗuwa, kamar waɗanda ciwon noma ya ci fuskarsu, idan aikin ba na gaggawa ba ne a tura shi inda aka tanadi kayan, kamar Asibitin Noma da ke Sakkwato. Sanin abin da ya fi ƙarfinka yana cikin gwaninta.

8.0 "Ɗan barci kaɗan"

Wannan jimla ta fi kowace ba ni tsoro. Ana faɗarta a ɗakin haɗari, a ɗakin wankin ciki bayan ɓari, a wurin jan karaya: a ba shi dayazifam da fentazosin ya ɗan yi barci. Ba a kira mai sa barci ba, ba a tambayi yaushe ya ci abinci ba, babu na'urar yatsa, wanda ke aikin shi ne kuma wai yake lura da numfashi. Tsakanin gyangyaɗi da cikakken barci babu katanga, gangara ce, kuma maganin da ya sa saurayi hamma yana iya ɗauke numfashin tsoho. Haɗa mai kwantar da hankali da mai kashe zafi yana ninka haɗarin. Dayazifam ba ya kashe zafi ko kaɗan, sai dai ya hana mutum ƙorafi, har a yi ta ƙarawa. Matsayina shi ne duk wanda za a ba maganin da zai rufe masa ido, a shirya masa kamar mai shiga babban aiki, kuma a ware mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon numfashinsa.

9.0 Ƙoda: abin da ya bambanta yankinmu

Babu wanda ke zaune a wannan yankin da bai san ciwon ƙoda a Gashuwa da garuruwan gaɓar kogin Yobe ba. Ya shiga gidaje da yawa, ya ɗauki matasa da magidanta, har gwamnatin jiha ta sa masana na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu binciken musabbabinsa. Wannan aikinsu ne. Namu shi ne mu tuna cewa ƙoda tana lalacewa shiru. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikinta yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa. Wanda ya zo gyaran kaba daga Bade, lafiyayye a ido, yana iya kasancewa ɗaya daga cikinsu.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Mofin idan jiki ya sarrafa shi yana barin wani sinadari mai ƙarfi da ƙoda ce ke fitarwa. Idan ba ta aiki sai ya taru, majinyaci ya yi ta barci yana rage numfashi sa'o'i bayan an mayar da shi ɗakin kwanciya, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Fetidin yana barin nasa da ke jawo jijjiga. Fentanil ya fi su aminci idan akwai. Saksametoniyam yana ɗaga fotasiyam na jini da kimanin rabin maki, abin da ba komai ba ne ga mai lafiya, amma ga wanda nasa ya riga ya haura 5.5 yana iya tsayar da zuciya nan take. Fankuroniyam ƙoda ce ke fitar da yawancinsa, sai ya daɗe yana shanye tsoka, atirakuriyam kuwa yana narkewa da kansa a cikin jini, shi ya sa ya fi dacewa. Diklofenak, wanda hannunmu ya saba rubutawa bayan kowane aiki, da jentamaisin, suna iya ƙarasa ƙodar da ke tangal-tangal. Ko ruwan da muke ƙarawa sai da lissafi: kaɗan ya busar da ita, mai yawa ya cika huhu.

Masu jijjigar ciki suna da nasu ƙarin. Majinisiyam salfet shi ne maganin jijjiga, babu jayayya, amma ta fitsari yake fita, kuma yana ƙara wa magungunan shanye tsoka ƙarfi da tsawo. Idan fitsari ya yi ƙasa da mililita 30 a sa'a, ko gwiwa ta daina zabura, ko numfashi ya ragu, a dakatar, kalsiyam gulukonet kuma ya kasance kusa. Idan tana cikin hayyacinta kuma ƙwayoyin daskarar da jini ba su faɗi ba, allurar baya ta fi mata cikakken barci.

Ga mai ciwon ƙoda gaba ɗaya, kashe wuri da allurar baya suna kauce wa yawancin waɗannan ramuka, da sharaɗin a lura da daskarewar jini, musamman ga wanda aka yi wa wankin ƙoda a ranar, kuma kada a bar bugun jini ya faɗi. A ƙasashen da suka ci gaba an daina yi wa matashi mai lafiya gwajin ƙoda kafin ƙaramin aiki, kuma suna da hujjarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ina ganin duk babban da za a yi wa aikin da ya wuce allurar kashe wuri a auna masa bugun jini, a tsoma takardar gwaji a fitsarinsa, a duba kiriyatinin da fotasiyam. Na san kuɗi ne a kan talaka. Kuɗin wankin ƙoda na mako guda ya ninka shi sau da yawa.

10.0 Tambayoyin da ake mantawa

Sikila tana da yawa a cikinmu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da rabin ƙwayar halittarta. Mai cikakkiyar sikila maƙiyansa huɗu ne a ɗakin tiyata: ƙarancin iska, bushewar jiki, sanyi da zafin ciwo. Kada a bar shi da dogon azumi ba ƙarin ruwa, a duba yawan jininsa, a tanadi jini.

Sai shaye-shaye. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma taramol bai bar tasha da kasuwa ba. Matashin da ya saba da shi maganin zafi ba ya kama shi da wuri, yana kuma iya jijjiga. Ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba, sai an keɓe shi an tambaya ba tare da tsangwama ba. Haka jiƙe-jiƙe da saiwoyi.

Maganar azumi kuwa ta harshe ce. Ƙa'idar ita ce sa'a 6 ba abinci, sa'a 4 ga nonon uwa, sa'a 2 ga ruwa zalla. Ka tambayi tsohuwa ko yaro ya ci abinci ta ce, "Wallahi ɗan nan bai ci komai ba." Gaskiya ta faɗa a fahimtarta, domin koko da kunu da fura sha ake yi, ba ci ba. A ciki kuwa abinci ne. Tambayar da ta dace ita ce, "Iya, me ya shiga bakinsa tun asuba?" Kuma a yankin da ake Manganci da Badanci da Fulatanci, Hausar da muke zaton kowa ya ji ba kowa ke jin ta har zuciya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin a sanar da shi hanyoyin da ake da su da haɗarin kowacce. A samo mai fassara. A gaya wa mace cewa da allurar baya za ta ji ana taɓawa ana ja amma ba za ta ji zafi ba, za ta ji kukan jaririnta, ƙafafunta kuma za su dawo kafin dare. Tsoron shanyewar ƙafa shi ke sa da yawa ƙin allurar, kuma bayani na minti uku yakan warware shi. Shawara da miji da iyaye al'adarmu ce mai kyau, amma amincewar da ake nema ta mai jikin ce.

11.0 Bayan an fito

Binciken sakamakon tiyata a Afirka da aka buga a 2018, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya, ya gano cewa majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka sau biyu. Kusan duk mace-macen ba a kan tebur suka faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke kula da gadaje da yawa cikin dare. Wannan ma yana cikin lissafin zaɓi. Majinyacin da ya fito a farke yana iya kiran mai jinyarsa. Wanda ya fito da ragowar dayazifam da mofin a jikinsa ba ya iya kiran kowa.

Roƙona ga shugabannin asibitocin yankin nan da Ma'aikatar Lafiya ta jiha guda uku ne, kuma babu wanda yake buƙatar sabon gini. A sa na'urar yatsa a duk ɗakin da ake ba da maganin barci, har da wurin farfaɗowa. A sauƙaƙa kuɗin gwajin ƙoda ga masu shiga tiyata daga Bade, Nguru, Karasuwa da Jakusko, ko a ɗauke shi gaba ɗaya. A buɗe littafi a kowane ɗakin tiyata da za a riƙa rubuta hanyar da aka bi, da maganin da aka bayar, da halin da majinyaci yake ciki bayan sa'a 24, domin nan gaba mu yi magana da alƙaluman Nguru da Gashuwa.